Neman Bulus a Tamanrasset

Tun da na dawo daga Tamanrasset ban huta da tambaya ba. Bayan Misa mutane su tsaya mini a ƙofar coci, a kasuwa mai nama ya riƙe hannuna, har abokina limamin masallacin unguwarmu ya aiko cewa idan na huce gajiya yana son labari tun daga farko. Na yi ta ba da shi gutsure-gutsure har na daina tuna wanda na gaya wa wane ɓangare. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni Fada ne na Katolika, na haura shekara ashirin ina aiki a wata ƙaramar coci a ƙasar Maradi. Mutanena ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke yi, domin samari da zarar sun yi ƙarfi sai su kama hanyar arewa neman aiki. A 'yan shekarun nan wa'azina kusan ɗaya ne: zamani ya lalace, yara ba sa jin magana, kowa kuɗi yake bi. Na faɗa har ni kaina na gaji da jin muryata. Bishop ɗinmu ya lura da ni, ya kira ni ya ce in je in huta mako biyu a Tamanrasset, akwai wani tsohon Fada a can da zai sauke ni.

Ana saura kwana biyu in tashi sai ga Rahila, wata gwauruwa daga cikin mutanenmu, ta zo da ƙunshin kilishi. Ɗanta Bulus magini ne, ni na yi masa baftisma. Ya tafi Tam, kamar yadda matafiya ke kiran garin, shekara uku da suka wuce. Shekarar farko yana kira, daga nan shiru.

Ta ce, "Fada, wasu sun ce ya mutu, wasu sun ce giya ta cinye shi. Ni ba na neman komai wurinsa. Ku dai gan shi da idonku."

Na ce mata Tam babban gari ne, amma zan gwada. A raina kuwa na riga na yanke hukunci: yaro ya samu kuɗi ya manta da uwarsa, kamar sauran.

Daga Maradi zuwa Agadas babu abin faɗa sai zaman mota da ciwon baya. Daga Arlit ne tafiyar ta canza, domin a nan kwalta ta ƙare. Na shiga motar wani Ba'abzine mai suna Agali, dogo, mai rawani har hanci, Hausarsa tar. Mu goma sha ɗaya ne a bayan motar, tare da buhunan albasa. Ban sa rigar coci ba, babbar riga na sa da hula, ga kuma furfura a gemuna. Da azahar ta yi Agali ya tsaya, mutane suka yi taimama suka jera sahu, sai na ga duk sun juyo suna kallona.

Wani ya ce, "Malam, bismilla."

Na ce, "Ku yi haƙuri, ni Fada ne, limamin Kirista."

Sai Agali ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce, "Tun Arlit nake murna na ɗauko malami, na ce yau motata ba za ta kafe ba."

Wani dattijo ya ja su sallah, ni kuma na koma gefen mota na yi tawa addu'ar. Da muka tashi ba mu yi nisa ba motar ta kafe cikin rairayi har gindi. Muka sauka muna tono da hannu muna turawa. Agali ya leƙo ta taga ya ce, "Fada, to ai sai ka nuna mana naka." Na ce masa nawa shi ne wannan kafaɗar da nake turawa da ita. Da motar ta fita, takalmina ɗaya ya tsaya cikin ramin, muka tona muka rasa. Da silifa na wani fasinja na shiga ƙasar Aljeriya.

Kafin iyaka Agali ya yi mana burodin mutanensu. Ya kwaɓa gari, ya share garwashi gefe, ya binne kwaɓin cikin rairayi mai zafi, ya mayar da garwashin a kai. Na ce a raina yau zan ci ƙasa. Da ya tono shi ya kakkaɓe ya wanke, ya gutsuttsura cikin miyar tumatir, ko tsakuwa ɗaya ban tauna ba. Na ƙara har sau biyu.

A In Gezam 'yan dowan, wato ma'aikatan kwastan, suka sauke kayanmu. Wanda ya buɗe jakata saurayi ne, ya duba biza, ya duba takardar bishop, ya ɗaga carbina ya mayar da shi a hankali. Da ya kai kan ƙunshin Rahila sai ya tsaya. Ya ɗaga fallen kilishi ɗaya yana juya shi, ya tambaye ni da Faransanci ko fata ce ta yin takalmi. Na ce nama ne, ya ɗanɗana. Ya gutsura ya tauna, ya gyaɗa kai, sai yajin Rahila ya isa inda za shi. Ya kama tari, hawaye na zuba, abokan aikinsa suna ta dariya suna miƙa masa ruwa. Da ya samu numfashi ya naɗe ƙunshin da kansa ya ce in wuce, kuma Allah ya taimaki wanda aka aika wa.

Daga nan kwalta ce har Tam. Mun shiga da hantsi, ga duwatsu baƙaƙe a bayan gari, ga sanyin da ban yi shirinsa ba. Agali ya ce ba zai bar ni a tasha ba, ya kai ni shagon wani Alhaji Mutari, mutumin Damagaram mai sayar da atamfa da turare, wanda ya ce babu ɗan Nijar da zai shigo garin bai sani ba.

Alhaji Mutari gajere ne mai ƙiba, mai son magana. Da ya ji ko ni wane ne, ya ce, "Malam Fada, gidan cocinku na san shi, za a kai ka. Amma baƙon da ya fara sauka a shagona ba ya wucewa da yunwa." Ya aika aka kawo wake da miya da dogon burodi. Mutanen can komai da burodi suke ci, kuma ba sa zubar da shi. Wanda ya rage sai a sa a leda a rataye a bango ko a ƙofa, mai dabbobi ko mai bukata ya ɗauka. Na tuna yadda muke barin tuwon jiya ya lalace a kwano, na ji kunya kaɗan.

Muna shan shayi hira ta kai mu kan yaran zamani. Nan na gane na samu ɗan'uwa. Duk abin da nake faɗa a coci, Alhaji yana faɗarsa a shago. Ya ce samari ba sa gaida manya, na ce ba sa zuwa ibada. Ya ce waya ta raba ɗa da uba, na ce har da miji da mata. Muka yi ta ba juna gaskiya har shayi na uku ya ƙare, kowa ya ji daɗi. Sai na kawo maganar Bulus.

Ya ce, "Magina suna da yawa, yau suna wannan shantiye, wato wurin gini, gobe suna wancan, kuma marasa takarda ba sa son a san inda suke kwana. Amma Kirista Bahaushe ba zai ɓuya ba. Ba ni kwana uku."

Gidan cocin ƙarami ne, na jar ƙasa, babu ƙararrawa, babu allo a ƙofa. Tsohon Fadan da ya tarbe ni Bature ne, ya kusa tamanin, ya yi fiye da rabin rayuwarsa a hamada. Yana jin Larabci da yaren Abzinawa, Hausarsa kuwa ta kasuwa ce, mai ban dariya, don haka muka riƙa haɗawa da Faransanci. Ya dubi silifana ya shiga ɗaki ya fito mini da takalmin wani Fada da ya rasu. Ya yi mini yawa, amma na sa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Lahadi ranar aiki ce a can. Juma'a da Asabar ake hutu. Ranar Lahadi da yamma muka yi Misa, mu bakwai har da ni da shi: mata biyu masu hidimar coci, ɗalibai biyu baƙaƙen fata, da wani mai gyaran mota ɗan Kamaru. Tsohon ya yi ta da fara'a kamar coci cike take. Bayan an tashi na kasa haƙuri na tambaye shi mutum nawa ya yi wa baftisma a garin.

Ya ce, "'Yan garin? Ko ɗaya."

Na ce, "To ba ka karaya ba? Ni mutanena sun fi naka sau goma, amma kullum ina ganin duniya tana zamewa daga hannun Allah."

Ya zuba mini shayi ya ce, "Na yi shekara hamsin ina sauraron mutane suna faɗin zunubansu. Abin da na ji ina saurayi shi nake ji yau: ƙarya, kwaɗayi, cin amana. Ban ga sabo ba. Abin da na ga ya ƙaru shi ne mutanen da ba su da kowa. A da mutum in ya faɗi, a gaban danginsa yake faɗuwa, su zage shi su ɗaga shi. Yanzu yana faɗuwa a garin da ba a san sunan ubansa ba. Idan akwai lalacewa, ni a nan nake ganinta."

Na ce amma ai dole a gaya wa mutane gaskiya, ba za a ga ɓarna a yi shiru ba.

Ya ce, "A faɗa. Ni ma ina faɗa. Sai dai in na gama faɗa ina duba ko na bar wa mutum ƙofar da zai dawo ta ciki. Bangaskiyata ba ta da yawa, Fada. Na dai yarda Allah ya riga ni zuwa garin nan, kuma yana aiki da mutanen da ba su taɓa shigowa ɗakin nan ba. Aikina in gane su in gaishe su."

Ban yarda da shi duka ba. Na ga kamar tsufa ne ya sa shi sanyi. Amma maganar ta zauna mini.

Kwana na huɗu Alhaji Mutari ya zo da kansa da wata tsohuwar mota. Tare da shi akwai wani mutum siriri, mai kimanin shekara talatin, hannuwansa duk siminti ya ci su. Alhaji ya ce sunansa Sanusi, mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa, kuma ya san inda Bulus yake.

Sanusi ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, yana nan da rai, yana Tit. Amma ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa na gida ba. Alhaji ne ya matsa mini."

Tit ƙauye ne mai dabino da lambuna, ba nisa da gari. A hanya Sanusi ya ba mu labari, yana magana yana kallon ƙasa. Shi da Bulus a shantiye ɗaya suke aiki. Wata rana katakon da Bulus ya taka ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Mai ginin ya sa aka ajiye shi a bakin hanya, ya ce bai san shi ba. Su biyar suke kwana ɗaki ɗaya, Bulus kaɗai ne Kirista. Suka ɗauke shi suka kai shi aka ɗaure ƙafar, suka yi wata bakwai suna ciyar da shi. Kullum mutum ɗaya ba ya zuwa aiki, ya zauna ya kula da shi, ya ɗauke shi zuwa bayan gida.

"Da azumi ma?" in ji Alhaji.

"Da azumi mukan dafa masa da rana mu ajiye. Ai shi ba a ɗora masa ba."

Da ƙafar ta warke ta gajarce, ba zai sake hawa gini ba. Sanusi ne ya yi ta yawo har ya samo masa aikin ban-ruwa a lambun wani dattijo a Tit.

Alhaji ya ci gaba da tuƙi. Can ya ce, "Malam Fada, waɗannan fa su ne yaran da muka zauna muka zaga ranar nan."

Na ce, "Su ne."

Mun same shi tsakanin kunyoyin albasa yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya yi baƙi, ya yi ƙarfi, yana ɗingishi. Da ya gan ni fartanyar ta faɗi daga hannunsa. Ya dubi Sanusi, Sanusi ya ce, "Ka yi haƙuri, na karya alkawari." Bulus ya zo ya durƙusa da ƙyar, na ɗaga shi na rungume shi. Muka zauna a inuwar dabino, na ba shi saƙon uwarsa. Ya buɗe, ya sansana.

Na ce, "Bulus, uwarka tana tsammanin ka mutu. Me ya hana ka kira?"

Ya ce, "Fada, kun tuna Lahadin ƙarshe kafin in taho?"

Ban tuna ba.

"Kun yi wa'azi kan masu tafiya arewa. Kun ce duk wanda ya bar uwarsa don neman kuɗi, Allah zai dawo da shi da kunya a gaban jama'a. Ina zaune a benci na biyu. Inna tana gefena. Da na faɗo, ina kwance a bakin hanya, maganar nan ce ta fara zo mini. Na ce to ga shi ta cika. In na kira, Inna za ta ce in dawo, in na dawo kowa zai nuna ni ya ce ga wanda Fada ya faɗa."

Na sha jin zunuban mutane, amma ban taɓa jin nawa daga bakin wani haka ba. Ban ma tuna na faɗi maganar ba, ita kuwa ta bi yaron nan har hamada ta raba shi da uwarsa shekara biyu. Alhaji da Sanusi suka tashi kamar za su duba lambu, don su ba mu wuri. Na ce su zauna, a gaban jama'a na yi maganar, a gaban jama'a zan janye ta.

Na ce, "Bulus, ba Allah ne ya faɗi haka ba, ni ne, kuma cikin fushi na faɗa. Ka tafi ne don ka rufa wa uwarka asiri. Katako ne ya karye, ba hukunci ba ne. Ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Fada, ku ne fa babba."

Na ce, "Shi ya sa."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Alhaji ya share ido da bakin hularsa, ya ciro waya ya ce a ba shi lamba kafin kowa ya canza ra'ayi. Rahila ba ta da waya, sai muka kira maƙwabciyarta, muka ji tana gudu tana kwaɗa mata kira. Da Bulus ya ce "Inna," ba mu ji amsa ba sai kuka, sai kuma guɗar matan gidan. Ya gaya mata komai, har ƙafar. Ta ce ƙafa ba komai ba ce, ita da ta haife shi ba tafiya yake yi ba. Sannan ta ce a ba ta wanda ya yi jinyarsa. Sanusi ya karɓa yana ta "Na'am Inna, ba komai Inna." Ta tambayi sunan uwarsa da sunan ƙauyensu, ta sa ya maimaita sau biyu.

Mai lambun ya zo ya tarar da mu, aka gaya masa abin da ke faruwa, ya ce ba mai tafiya sai an ci abinci. Aka kawo kuskus da nama da kabewa a babban faranti, Bulus ya zuba kilishin a tsakiya. Na gargaɗi dattijon game da yajin, ya ce shi ɗan hamada ne. Ya ci, ya yi gumi, ya ƙara.

Sauran kwanakin na yi su cikin sauƙin zuciya. Ranar Juma'a Sanusi ya kawo Bulus gari a bayan babur, muka yi Misa mu takwas, Sanusi kuma ya wuce masallaci ya dawo ya ɗauke shi. Na gaya wa tsohon Fada duk abin da ya faru. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ce in gaida masa Rahila. Har yau ina ganin akwai ɓarna a zamanin nan, domin mutumin da ya ajiye ma'aikacinsa a bakin hanya shi ma ɗan zamanin ne, kuma ba zan daina faɗa ba. Amma su Sanusi ma 'yan zamanin ne, kuma shekaru ina wa'azi ban taɓa ambatonsu ba.

Bulus bai biyo ni ba. Ya ce sai an cire albasa, ya yi wa mai lambu alkawari, zai zo gida da Kirsimeti. Alhaji Mutari ya ba ni turmin atamfa in kai wa Rahila, ya kuma saya mini takalmi daidai ƙafata.

Na iso gida ranar Talata. Ranar Alhamis da safe na ji sallama, na fito na tarar da Rahila ta yi kwalliya da sabuwar atamfar, tana riƙe da kaji biyu da ƙwaryar gero.

Ta ce, "Fada, ku tada mota. Ƙauyen su Sanusi za mu."

Na ce ban gama huce gajiya ba. Ta ce in huce a hanya.

Mun yi ta tambaya har muka samu gidan. Uwar Sanusi tsohuwa ce, muka tarar tana sussukar gero, ba ta san komai ba, ɗanta bai taɓa gaya mata ba. Rahila ta ajiye kajin, ta durƙusa a gabanta ta ba ta labari tun daga faɗuwar. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah ya yi masa albarka. Da ya bar shi a hanya, ai da ba ni na haife shi ba." Ta kama hannun Rahila suka shige ɗaki.

Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo mini fura. Ina jiyo su daga ciki suna hira suna dariya kamar sun shekara da sanin juna. Sai da la'asar ta yi sannan Rahila ta leƙo ta ce in koma gida abina, ita kwana za ta yi.